Yadda Na Raɗa wa Yajina Suna

Shekara uku na yi ina daka yaji ina sayarwa ba shi da suna. Na fara ne a 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, ɗan albashin da nake samu a wata makarantar kuɗi ya tsaya cak. A farar leda nake ƙullawa, yaran maƙwabta su yi sallama su ce, "Wai a ba da yaji na hamsin." In wata ta ci a gidan biki ta tambayi inda aka samo, sai a ce mata na matar malam ne, gidan da ke kallon famfo. Wannan kwatancen shi ne sunan, kuma ya wadatar da ni, tunda masu sayen ba su wuce inda ƙafa za ta kai ba.

A farkon 2023 ne ƙanena ya zuga ni muka zuba yajin a ƙananan robobi masu jan murfi, muka kai wani kanti a titin gidan Zoo. Mai kantin ya buɗe ɗaya, ya shinshina, ya lasa, har ya yi atishawa saboda masoro da cittar da ke ciki. Ya ce, "Hajiya, kayanki ya yi. Amma in mutum ya ci ya dawo nema, me zai ce mini? Ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar da zai lalace. In aka zo dubawa ni za a riƙe." Muka kwaso robobinmu muka dawo. A cikin A Daidaita Sahu nake ce wa ƙanena ai suna ba abin wahala ba ne, yau da daddare zan samo. Sai da na ci wata huɗu.

Maigida ne ya fara kawo shawara, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ce a sa sunan mahaifiyarsa, tunda a wajenta na koyi soya tafarnuwa kafin a daka. Na yi shiru ina kallonsa, sannan na ce, "Abban yara, sunan da ban taɓa kamawa da bakina ba tun da aka kawo ni gidan nan? In mai saye ya bugo waya ya ce wane yaji ne, in ce masa me? Yajin mai sunan Hajiya?" Shi kansa sai da ya yi dariya. Sunan ɗanmu na fari ma haka ya faɗi, don ko ni ba na kiransa gatsal, balle kakanninsa.

Ƙanwata kuma Turanci take so. Ta rubuto mini sunaye a WhatsApp masu "Royal" da "Delight" da "Kitchen", wai sun fi shiga a Instagram, wai 'yan Abuja ba sa sayen abin da ba su ga Turanci a jikinsa ba. Na karanta wa Gwaggo ɗaya daga ciki, ta ce, "Dila me?" Daga nan na ajiye su.

Ni a raina suna mai albarka nake so, irin wanda za a ji a ce masha Allah. Na rubuta wasu da suka haɗa da sunan Allah, na kai wa Baba ya zaɓa mini. Ya sa tabarau ya duba takardar, ya ce, "In yajin ya ƙare, ina robar take zuwa?" Na ce bola. Ya ce, "To, kin ba kanki amsa. Kada ki buga sunan Ubangiji a abin da za a taka a kwata." Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma tun ranar nake lura da ledojin da iska ke kwasa a titi da abin da aka rubuta a jikinsu.

Sai na tsaya a kan Alheri. Kalma ce mai kyau, kowa ya san ta, ba ta da wuyar faɗa. A nan na yi riga malam masallaci. Ban tambayi kowa ba, na je wajen wani mai buga takardu na biya aka buga mini sitika dubu biyu, har da hoton turmi da taɓarya da jan barkono a gefe. Da na kawo su gida na shimfiɗa a kan gado ina ta kallo kamar kayan lefe. Washegari ƙanena ya zo ya gani, ya ce, "Yaya, kin duba a CAC?" Na ce me zan duba? Ya ɗauki wayata ya shiga shafin CAC, wato Hukumar Rajistar Kamfanoni, inda ake binciken suna kyauta, ya rubuta Alheri. Sunaye suka zubo. Ya ja, ya ja, ba su ƙare ba: masu abinci, masu ruwan leda, masu magani, masu gini. Muka gwada Albarka, Nasara, Rahama, Ni'ima, duk labarin ɗaya ne. Ashe abin da ya fara zuwa mini a rai shi ya fara zuwa wa kowa. Sitikun nan suna cikin durowa har yau, yara suna manna su a bayan littafin makaranta.

Asarar ta sa na nutsu. Akwai mai tireda a bakin layinmu, dattijo ne da muke mutunci da matarsa. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zama a benci daga ciki da yamma, lokacin da ake aiken cefanen tuwon dare. Ya ɗauka lissafin ciniki nake son koya. Ni kuwa kunne na kasa, ina jin abin da masu saye ke faɗa.

Kwana uku na yi, kuma da wuya na ji an kira abu da sunan da kamfani ya rubuta a jikinsa yadda ya rubuta shi. Yarinya za ta ce a ba ta omo, a miƙa mata garin sabulun wani kamfani daban, ta karɓa ta tafi, don a wajenta kowane garin wanki omo ne. Man goge baki kowane iri makilin ne. Ɗanɗanon miya duk magi ne, sai dai a bambanta: mai tauraro, ko farin magi in Ajinomoto ake nufi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne taliya mai kwabo. Kamfanin ya sa wa kayansa Golden Penny, mutanenmu suka kalli kwabon suka ce mai kwabo, har ta kai kamfanin da kansa yana buga Mai Kwabo a jikin leda. Ko keken da na hau na dawo daga kanti, ba wanda ya ƙera shi ne ya sa masa A Daidaita Sahu ba. Sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kekunan suka shigo a zamanin, suna ya bi su, shirin ya wuce suna ya zauna.

Na ce a raina, ashe kaya ma kamar ɗan mutum ne. Ran bakwai za a yanka rago, liman ya raɗa suna, a raba goro. Bayan shekara biyu ka shiga gidan ka ji ana kiran yaron Ɗanjuma ko Babangida, sunan yankan sai a takardar makaranta. In sunan da ka zaɓa ya yi wa baki nauyi, kasuwa za ta yi maka laƙabi ba tare da ta shawarce ka ba. Kuma wanda ke ɗaukar sunan daga ɗakin uwar gida zuwa tireda, yawanci yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai, da kuɗi a dunƙule a hannu, hankalinsa rabi yana wajen masu ƙwallo.

Don haka na mai da ɗana na biyu alƙali. Shekararsa bakwai a lokacin. Sai in kira shi in ce, "Je gidan Gwaggo ka ce ta ba ka yaji kaza," in faɗi sunan sau ɗaya tak, ban maimaita ba. Gidan Gwaggo yana bayan masallaci, dole ya ratsa filin da ake buga ƙwallo. Gwaggo kuma ta bugo mini ta faɗi abin da ya isa kunnenta. Sunayen ƙanwata na Turanci ko ɗaya bai isa da rai ba. Wani suna mai kalma uku da nake ji da shi, ya isa a matsayin "wai yajin nan". Duk abin da ya wuce gaɓa uku, a filin ƙwallo yake zubewa.

Waɗanda suka tsallake wannan jarrabawa sai rubutu ya kama su. Ina son Daɗi, ina son Ƙamshi, ina son Ɗanɗano. Amma sunan shafi a Instagram ba ya karɓar harafi mai ƙugiya, haruffan Turanci ne kawai da lambobi da ɗigo da ɗan layin ƙasa. In ka cire wa Daɗi ƙugiya ya koma Dadi, mai karatu ya ɗauka yajin babana nake talla. Mai buga sitika ma da ya gwada mini Ƙamshi a wani salon rubutu mai kyau, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin farko. Ina ƙaunar ƙugiyoyin nan, ina koya wa yara su a aji, kuma ina jin haushin masu yar da su. Amma a sunan kaya, wanda za a rubuta a waya da rasit da takardar banki, na ga wahalar ta fi ƙarfina.

Faifai ya kusa ci. A kansa nake shanya barkono, yana da kyan zane, yaro ya kai shi gidan Gwaggo lafiya lau. Sai wata mai sarin yajina, Bamaraɗiya da ke zuwa Kwari sayen atamfa, ta ji ta ce, "Hwaihwai? To, mu can haka za mu ce." Ba laifi ba ne, haka bakin Sakkwato da Maraɗi yake, amma na hango suna ɗaya ana rubuta shi iri biyu. Turmi kuwa, na zaga kantuna uku na ƙirga robobin yaji masu hoton turmi har na gaji. Santi na fi so a cikinsu duka. Gajere ne, ba ƙugiya, Bayerabe da Inyamuri za su iya faɗa, kuma duk Bahaushe ya san mutumin da daɗin abinci ya sa shi sakin zance. Na duba, na tarar wasu sun riga ni. Ranar ban ci abincin dare da daɗi ba.

Gwaggo ce ta kawo sunan, kuma ba da niyya ba. Muna zaune ina tankaɗe, tana ba ni labarin kakarmu, ta ce ita a tandu take ajiye yajinta na musamman, wanda ba a taɓawa sai maigida zai yi tafiya ko an yi haihuwa. Na ce tandu ba na mai da kwalli ba ne? Ta ce na fata ne dai, abin da ka ga dama kake zubawa, kuma ba ya barin danshi ya shiga. Na aje rariya na maimaita kalmar a bakina. Gaɓa biyu. Ba ƙugiya. Yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Ana iya zana shi, ɗan tulu mai dogon wuya da murfi. Na kira yaron na aike shi gidan wata ƙawata da ta fi nisa, har da tsallaka titi. Ta bugo ta ce, "Wai mene ne yaji mai tandu?" Bai san ma'anar kalmar ba, amma ya kai ta ba ta fashe ba.

Wannan karon ban je wajen mai sitika ba. Shafin CAC muka fara shiga. A 2023 ana ba da suna biyu ne, na farko da na ko-ta-kwana, a biya kuɗin ajiye suna, wanda a lokacin naira 500 ne. In an amince, za a riƙe maka sunan kwana 60, a cikinsu ka kammala rajista, in ka yi sake ya kuɓuce. Ba sa karɓar sunan da ya yi daidai da na wani, ko ya yi kama da shi har a iya ruɗewa. Ƙanena ya so mu ƙara "Group" a ƙarshe don a ji girma, sai muka ga dokar kamfanoni ta 2020 ta ware kalmomi irin su Federal, National, Government da Group, ba a sa su sai da izinin hukumar. Na ce masa rukunin kamfanonin da ke da turmi biyu da injin niƙa na haya? Muka haɗa kalmar da wata kalma ta abinci muka tura. Da saƙon amincewa ya shigo ina cikin wanke-wanke, da kumfa a hannu na buɗe wayar. Muka cike sauran, lambar NIN, hoto, sa hannu, adireshi, muka biya naira 10,000 na rajistar sunan kasuwanci. Takarda ta fito na sa aka yi mata firem.

Na ɗauka an gama. Wata tsohuwar ɗalibar maigida, lauya ce yanzu, ta zo gaishe shi ta ga firem ɗin a bango. Ta taya ni murna, sannan ta ce, "Anti, kin yi rajistar tambarin?" Na nuna mata bango. Ta ce wannan sunan kasuwancinki ne, da shi za ki buɗe asusun banki, amma ba shi ne zai hana wani buga Tandu a jikin robar yajinsa ba. Sunan da ke jikin kaya wani ofishi ne daban yake rajistarsa, ofishin alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Na ce, "Barista, wato rago biyu ake yankawa?" Ta ce haka ne.

Ta zauna ta yi mini bayani a bayan ambulan. Kayayyaki da ayyuka an kasa su aji 45 a tsarin da duniya ke bi, kayan yaji suna aji na 30, tare da su shayi da sukari da fulawa. A ajin da ka yi rajista a nan kake da kariya, don haka mai sayar da takalmi zai iya sa wa takalminsa sunan da na sa wa yaji, ba ruwana da shi. Za a fara bincike a ga ko wani ya riga ka a ajin, a shigar da takardu, a ba ka shaidar an karɓa, sannan takardar amincewa. Daga nan a buga alamar a mujallar ofishin, a ba duk mai ƙorafi wata biyu ya fito. In ba wanda ya fito sai satifiket, mai shekara 7, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Abin da ya faranta mini rai shi ne da ta ce sunan ya yi ne saboda ba ya kwatanta yaji. Da na ce Yaji Mai Daɗi ko Dakan Hannu, da wuya a ba ni, don ba za a mallaka wa mutum ɗaya kalmar da duk masu sana'ar ke bukata ba. Kowa yajinsa mai daɗi ne a bakinsa. Tandu kuwa ba barkono ba ne, ba citta ba ne, in an gan shi a jikin robar yaji ni kaɗai yake nunawa. Ni da na zaɓe shi don ɗan aike, ashe doka ma irinsa take so.

Da takardar amincewar ofishin alamun kasuwanci na nufi NAFDAC, hukumar da ke duba abinci da magunguna, don suna neman shaidar cewa sunan da ke jikin kaya naka ne. Wannan wani dogon labari ne na ware ɗaki, da gwajin lafiyar masu aiki, da kai samfuri. Abin da ya shafi suna a ciki shi ne rubutun jikin roba. Gwaggo ta dage a rubuta "maganin sanyi da buɗe ciki" a ƙasan sunan, tunda a wajenta duk abin da ke da kimba da kanumfari magani ne. Aka fahimtar da ni cewa abin da aka yi wa rajista a matsayin abinci ba ya iƙirarin warkarwa. Sai muka tsaya a abin da ake bukata: suna, kayan haɗi, nauyi, adireshi, lambar rukuni, ranar yi da ranar ƙarewa. Gwaggo har yau tana ganin an cuce ni.

Sabuwar sitikar ɗari biyar kawai na buga a karon farko. Zanen tandun baƙi a tsakiya, sunan da manyan haruffa, ba ado. Na koma kantin titin gidan Zoo, mai kantin ya juya robar gaba da baya ya ce a ajiye dozin biyu a gani. Na kai wa dattijon bakin layinmu ma, ya jera su kusa da magi.

Bayan kamar wata biyu na je karɓar kuɗi wajensa da yamma, na zauna a bencin nan. Wata yarinya ta zo da ɗari biyar a hannu ta ce a ba ta mai tandu, na ji kamar in ba ta kyauta. Ba a jima ba wani yaro ya zo a guje, yana haki, ya ce, "Wai a ba da yaji mai jan kai." Dattijon bai ko tambaya ba, ya miƙa hannu ya ɗauko nawa. Na ce, "Baba, haka suke ce masa?" Ya ce rabi da rabi ne, wasu mai tandu, wasu mai jan kai, akwai ma wata tsohuwa da ke cewa mai tulu.

A satin da ya wuce mai kawo mini robobi ya bugo ya ce jan murfi ya yanke a kasuwa, amma akwai ruwan ɗorawa, har ya fi araha da naira goma a kowace roba. Na ce masa ya bar shi, zan jira jan.